Hannu na Bakwai

Shekara goma sha tara muna rumfa ɗaya,
ni da hannun ƙarfe na bakwai,
a layin maƙeran gabashin Osaka.
Ba kai gare shi ba, ba ƙafa,
ƙugunsa a kafe cikin siminti da noti takwas.
Ya ɗauko, ya juya, ya ajiye.
Ya ɗauko, ya juya, ya ajiye.
In ka gusar da faranti da faɗin ɗan yatsa
sai ya damƙi iska da dukkan ƙarfinsa,
ya kai ta inda aka ce, ya dire ta a hankali.

Bara Morishita, jikan mai masana'anta,
ya dawo daga karatu da wani akwati.
Ido ne a ciki, da fatar roba mai jin taɓi.
Ya ɗaura idon a wuyan hannun,
ya sanya fatar a yatsu uku,
ya ce, "Kuwabara, ke za ki koya masa."
Na ce, me tsohuwa za ta koya wa ƙarfe?
Ya ce, "Abin da hannunki ya sani
wanda bakinki bai taɓa faɗa ba."

Na riƙe shi yadda uwata ta riƙe ni
ran da ta fara ba ni tsinken cin shinkafa.
Muka tsoma cikin kwandon ƙusoshi barkatai,
wata a kwance, wata a kife.
Ya matse da yawa, ya lanƙwasa.
Ya saki da wuri, ya zubar.
Sau ɗari uku, har shayina ya huce a kofi.
Ran wata Alhamis, ruwa na dukan kwanon rufi,
ya taɓa wata mai tsatsa a gindi,
ya ɗan dakata,
ya ture ta gefe.
Ban koya masa wannan ba.
Ko na koya masa ne ban sani ba?

Sai ga baƙo a watan huɗu.
An sauko da shi daga mota, fari fat,
mutum-mutumi mai kafaɗa da gwiwa da yatsu goma cif.
Ya rusuna mana, muka rusuna masa.
Ya hau matakalar da na bakwai ba zai taɓa hawa ba,
ya murɗa ƙofa, ya sauko da kwali daga kanta.
Dole in ba shi haƙƙinsa:
da awon jikinmu aka gina wannan rumfa,
shi kuwa da awon rumfar aka gina shi.

Amma na zuba wa ƙafafunsa ido.
Rabin hankalinsa na kan aiki,
rabi na kan kada ya faɗi.
Kafin rana ta raba batirinsa ya yi sanyi,
aka zaunar da shi a kan kujerata.
Ƙusa arba'in ya tsince.
Na bakwai ya wuce dubu biyu, ko kallonsa bai yi ba.

Samari suka yi dariya. Ni ban yi ba.
Gwiwata ta hagu ta san wannan lissafi:
tun da na haura sittin
nima rabin hankalina na ƙasa.
Da kowa ya watse na ɗauko tsumma,
na goge man da ya ɗiga a gabansa,
don gobe zai miƙe.

Jiya Morishita ya zo da takardu yana sosa ƙeya.
Wai na bakwai yana ɗan karkata wuya
kafin ya saki kowace ƙusa,
kuma babu wannan a cikin umarnin da ya rubuta.
Na ɓoye hannuna a aljihu.
A wannan gaɓar na karye ina da shekara tara,
kan keken yayana, a gangaren kogi.

Na ce masa ya bar shi haka.
Ba ya rage sauri.